Kulle Ƙofar Sakatariya Ba Ya Sa Fayil Ya Motsa

Da wuya a samu sabuwar gwamnatin jiha da ba ta buɗe mulkinta da wannan wasan kwaikwayo ba. Ƙarfe takwas na safe sai ga jerin gwanon motoci a sakatariya, mai girma ya sauko, ya ba da umarni a garƙame ƙofa da kwaɗo. Waɗanda suka makara su yi cirko-cirko a waje, wasu na kare fuska daga kyamara, a rubuta sunayensu, a yi musu alkawarin takardar tuhuma. Da dare a nuna a talabijin, jama'a su ce lallai an samu mai gyara. Mako biyu kowa na sammako. Abin da kyamara ba ta shiga ta ɗauko ba shi ne cikin ofis, inda akawun da ya iso tun bakwai da rabi ya sa hannu a rajista, ya kaɗe ƙurar teburinsa, ya zauna yana kallon fayil ɗin da tun watan jiya ya gama nasa aikin a kai. Fayil na jiran biron darakta, darakta na jiran babban sakatare, babban sakatare ya tafi taro Abuja. An samu mutum a kan kujera da wuri, amma rijiyar burtsatsen da ke kwance cikin fayil ɗin har yanzu ba a haƙa ta ba.

Shugabannin wuraren aiki a ƙasar nan, daga ma'aikatar gwamnati har kamfanin sarrafa shinkafa, makamai biyu suka fi yarda da su: bulala kullum, kuɗi lokaci-lokaci. Idan aiki ya yi sanyi sai a ƙara sa ido, a kawo na'urar dangwala yatsa, a tsananta barazana. Idan ma'aikata suka yi gunaguni har abin ya kai ga yajin aiki, sai a yi ƙarin albashi ko a ƙirƙiro wani alawus, a ɗauka an gama. Ra'ayina shi ne duka biyun suna da iyaka, kuma mun daɗe da cin karo da iyakar tasu. Bayan an biya mutum haƙƙinsa a kan kari, abin da ke fito da aiki daga jikinsa shi ne a damƙa masa ikon yanke shawara a kan abin da ya fi kowa sani, a bar shi ya faɗi inda aka yi kuskure ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba, ya kuma hango inda aikin zai kai shi. Wannan magana tana kama da wa'azin masu shirya taron bita a otal, na sani. Amma akwai hujjoji a kanta, kuma mafi ƙarfinsu daga cikin ofisoshin gwamnatin Najeriya aka tattaro ta.

Maganar kuɗi ita ce ta farko, domin duk wanda ya tsallake ta yana yaudarar kansa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma idan aka auna da dala, na farkon ya haura dala 80 a lokacinsa, na biyun kuwa bai kai dala 50 ba. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Malamin firamaren da albashinsa ke ƙarewa a mako na biyu na wata, ya koma bin mai shago bashin masara, babu wata dabarar shugabanci da za ta hana shi ɗaukar babur ya yi acaba da rana. Tarihin masana'antu ma ya tabbatar da haka. A 1913 kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka ya ɗauki mutum sama da 50,000 a shekara guda domin kawai ya riƙe kujeru kimanin 14,000, saboda yadda mutane ke shiga da safe su gudu da yamma. A watan Janairun 1914 ya ɗaga ladan yini daga kimanin dala 2.34 zuwa dala 5, ya rage sa'o'in aiki daga tara zuwa takwas, nan take gudun ya ragu ƙwarai. Wato kuɗi yana riƙe mutum a wurin aiki, yana kuma kwantar masa da hankali. Tambayar ita ce ko shi kaɗai yana sa mutum ya damu da ingancin abin da ke fita daga hannunsa.

Mun taɓa gwadawa a nan gida, kuma dattawa ba su manta ba. Kwamitin da gwamnatin Gowon ta kafa a 1972 ƙarƙashin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974. Rahoton ya yi magana mai tsawo a kan sauya salon tafiyar da aikin gwamnati, a riƙa sa wa kowane sashe manufa, a auna shi da sakamako, a horar da shugabanni. Abin da aka ɗauka da gudu shi ne ɓangaren ƙarin albashi, har da ariyas na watanni. Kasuwa ta cika da masu sayen babura da rediyo, farashi ya yi tashin gwauron zabo, sunan Udoji ya zama sunan kuɗin da ya faɗo daga sama. Sauran shawarwarin kuwa yawancinsu suka kwanta a kabad. Ba a jima ba, a 1975, gwamnatin Murtala ta zo da ɗaya makamin, ta sallami ma'aikata sama da 10,000 nan take. Da yawa cikinsu sun cancanci abin da ya same su, amma an haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, kuma darasin da sauran suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, don haka kada ka sa hannu a kan abin da zai iya dawo maka, kuma ka tanadi na gobe tun kana kai. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci aikin gwamnatin Najeriya ya sha kuɗi ya sha bulala, kowanne da yawa. Babu wanda zai dafa littafi ya ce daga nan aikin ya gyaru.

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg, ya bayyana dalilin tun 1959. Shi da abokan aikinsa sun yi hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh, suna tambayarsu lokacin da suka fi jin daɗin aikinsu da lokacin da suka fi jin haushinsa. Amsoshin suka rabu gida biyu. Abubuwan da ke kawo haushi su ne albashi, dokokin kamfani, halin oga da yanayin wurin aiki. Abubuwan da ke kawo himma kuwa daban suke: kammala wani aiki mai wuya, a san kai ka yi shi, a ɗora maka nauyi, ka ga kana ci gaba. Ya kammala da cewa gyara rukunin farko yana kawar da gunaguni ne kawai, ba ya haifar da ƙwazo. An soki hanyar bincikensa, kuma sukar tana da tushe, domin ɗan Adam ya saba danganta nasara ga kansa, ya ɗora laifi a kan wani. Da a kan Herzberg kaɗai na dogara, da sai in yi shiru.

Binciken da ya fi dacewa shugabanninmu su karanta shi ne na wasu masana tattalin arziki biyu, Imran Rasul da Daniel Rogger, wanda aka buga a 2018. Bayan an yafe wa Najeriya wani kaso na bashin da ake bin ta a 2005, an ware kuɗin da aka samu sauƙinsu ga ayyukan raya ƙasa, aka kuma tura injiniyoyi masu zaman kansu su je su gani da ido ko an yi aikin. Wannan ya samar da abin da ba kasafai ake samu ba a ƙasar nan, wato sahihin lissafi a kan ayyuka kimanin 4,700 da hukumomin tarayya 63 suka ɗauki nauyi: rijiyoyin burtsatse, gine-gine, madatsun ruwa, hanyoyi da makamantansu. Kashi 38 cikin 100 na ayyukan ko fara su ba a yi ba. Masanan biyu suka shiga hukumomin, suka auna yadda ake tafiyar da ma'aikata a kowacce ta fuska biyu. Ta farko, wane irin 'yanci ma'aikaci ke da shi na ba da shawara, da sauya tsari idan ya ga abin da ke ƙasa ya saɓa da abin da ke takarda. Ta biyu, wane irin sa ido ake yi masa, da yadda ake ɗaura lada ko horo a kan makin da aka ba shi. Sakamakon ya zo a juye da abin da kowane oga zai zata. Hukumomin da suka fi sakar wa ma'aikatansu mara sun fi kammala ayyuka, da tazarar da ta kai kusan kashi 18 cikin 100. Waɗanda suka fi tsananta sa ido da rabon lada bisa maki kuwa, kammala ayyukansu ya ragu da kusan kashi 14. Daga baya su biyun da wani abokin aikinsu, Martin Williams, suka maimaita irin binciken a ma'aikatun Ghana, suka sami abu mai kama da haka.

Me zai sa sa ido ya rage aiki? Wanda ya san ofis ba zai sha wahalar ganewa ba. Aikin jami'in gwamnati ba kamar ɗinkin buhu ba ne da za a ƙirga da yamma. Injiniyan da aka ba haƙa rijiya a ƙauye sai ya zauna da mai gari, ya binciki ƙasa, ya yi jayayya da ɗan kwangila, ya bi takardar biyan kuɗi daga tebur zuwa tebur. Kaɗan daga cikin waɗannan ne ake iya aunawa. Da zarar an ɗaura ci gabansa a kan abin da ake iya aunawa, to can zai karkata, rahoto ya yi kyau, rajista ta cika, taro kada ya wuce shi, sauran kuma Allah ya kyauta. Inda kuma makin ya dogara da ra'ayin oga, kamar yadda takardar auna ƙwazo ta shekara-shekara ta kasance tsawon zamani, inda kusan kowa ke fitowa da kyakkyawan maki in dai bai saɓa da na sama ba, sai ƙarfin ma'aikaci ya koma kan faranta wa oga. Hausa tana da suna ga wannan tun kafin a haifi masanan, aikin ganin ido. Rakiya zuwa mota, ɗaukar jaka, zuwa gaisuwar suna da biki, duk sun fi rijiya amfani ga mai neman ƙarin girma. Kuma wannan ciwo bai tsaya ga gwamnati ba. A 2016 aka ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185 bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu na bogi da sunan abokan hulɗa ba da saninsu ba, adadin da daga baya aka ƙiyasta ya kai miliyan 3.5. An kori mutum 5,300. Abin da ya tura su shi ne adadin da aka ɗora wa kowa sai ya cike ko ya rasa aikinsa. Duk wanda ya san matsin da ake yi wa matasan da bankunanmu ke turawa neman masu ajiya zai gane irin wannan wuta.

Akwai wani misali da nake ganin ya fi kowanne rufe bakin mai cewa matsalar daga halin ma'aikata take. Kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci a Fremont, jihar Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna. Fashin aiki kan kai mutum ɗaya cikin biyar, ana shaye-shaye a bakin aiki, motocin na fitowa da aibu iri-iri, ƙungiyar ƙwadago da shugabanni kamar wuta da auduga. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka ce ba su da magani. An kai ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake aiki. A can suka tarar da igiya rataye a saman layin haɗa mota, daidai inda hannun kowane lebura zai kai. Wanda ya ga ƙusa ba ta ɗauru daidai ba sai ya ja igiyar, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya rugo ya taya shi, idan ba a warware ba layin gaba ɗaya ya tsaya. A tsohon tsari tsayar da layi babban laifi ne, don haka mutum na ganin aibu zai kau da kai, motar ta wuce. A sabon tsari wanda ya ja igiya taimako ake kawo masa. Kamfanin ya kuma yi alkawarin ba zai yi sallama ba sai in babu makawa, kuma da ciniki ya faɗi a 1988 ya cika alkawarin, ya tura mutane horo maimakon gida. Fashin aiki ya sauko zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100, ingancin motocin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen nan dai su ne, garin shi ne, ƙungiyar ƙwadagon ita ce.

Igiyar nan ita ce abin da ya fi ƙaranci a wuraren aikinmu, kuma a nan al'adarmu tana da hannu. An tarbiyyantar da mu a kan girmama na gaba, abu ne mai kyau, amma a ofis ya rikiɗe ya zama yaro ba ya gaya wa babba ya yi kuskure. Ƙaramin jami'i na ganin lissafin da darakta ya kawo bai tashi ba, zai sunkuyar da kai ya ce ranka ya daɗe haka ne, ya fita ya gaya wa abokinsa a gindin bishiya. Ma'aikaciyar jinya ta lura maganin da likita ya rubuta ya yi wa yaro yawa, sai ta tsaya tana auna abin da zai fi mata sauƙi, ta yi magana a ce ta raina likita ko ta yi shiru. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin kurakuran ba da magani a wasu asibitocin Amurka a tsakiyar shekarun 1990, tana zaton sassan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure. Sai ta tarar su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta bincika sai ta gane ashe su suna faɗa ne, sauran kuwa suna binnewa. Shugaban da ke alfahari cewa a sashensa ba a taɓa kawo masa rahoton kuskure ba, ya kamata ya rasa barci.

Na san abin da mai karatu ke shirin faɗa, kuma ba maganar banza ba ce. Zai ce wannan duk a ƙasar da mutane ke da amana ne, mu nan ka saki mutum ya kwashe ka. Zai tuna mini cewa a 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire sunaye sama da 23,000 na ma'aikatan bogi daga jerin masu karɓar albashi, kuma ba kyautata zato ne ya gano su ba, tantancewa ce. Zai kawo labarin masu shagon da yaransu suka karya su. Duk gaskiya ne. Sai dai an cakuɗa abu biyu da ya kamata a raba, tsare dukiya da tsare mutum. Lissafin kuɗi, ƙidayar kaya a sito, tantance wanda ke karɓar albashi, binciken odita, babu mai hankalin da zai ce a sassauta su. Abin da hujjoji suka nuna yana kashe aiki shi ne tsayawa a kan mutum ana faɗa masa yadda zai ɗaga hannu, da hana shi yanke ƙaramar shawara sai ya hau bene. Abin mamaki ma, ingantaccen lissafi shi ne ke ba shugaba ƙarfin zuciyar sakin mara. Nicholas Bloom na jami'ar Stanford da abokansa sun gwada haka a masaƙun da ke kewayen Mumbai a Indiya. Sun tura ƙwararru kyauta zuwa wasu masaƙun, suka koya musu abubuwa masu sauƙi, rubuta kowane aibu da aka samu a yadi, sanin adadin zaren da ke sito, gyaran inji kafin ya lalace. A shekarar farko ƙwazon aiki a masaƙun ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Kuma da masu masaƙun suka fara ganin alƙaluma a gabansu kullum, sai suka fara barin manajoji suna yanke shawara, domin yanzu sata ba ta da wurin ɓuya.

Wani abu da binciken na Indiya ya gano kamar a Kantin Kwari aka yi shi. Abin da ya fi nuna girman da kamfani zai kai shi ne yawan 'yan'uwa maza da 'ya'yan mai shi, saboda ba ya yarda ya damƙa reshe ga bare. Mai 'ya'ya huɗu ya buɗe masaƙa huɗu, mai ɗa ɗaya ya tsaya a ɗaya ko da ya fi iya sana'ar. Haka kasuwancinmu da yawa suke, shi ya sa dukiya kan watse da rasuwar mai ita, domin yaran da suka shekara ashirin suna riƙe da shagon ba a taɓa barinsu sun san farashin sari ba. Amma a wannan kasuwar dai akwai abin da ofisoshin zamani za su koya. Tsohon tsarin uban gida da yaronsa ya ginu a kan hango gaba. Yaro ya fara da shara da ɗauko kaya daga sito, a hankali a bar masa ciniki, a aike shi Legas ko Kwatano sari, ranar da ya isa a yi masa aure, a yanka masa jari a sallame shi ya buɗe nasa. Ya jure ƙaramin abin da ake ba shi ne saboda ya ga waɗanda suka riga shi sun zama masu shago. Raunin tsarin shi ne babu rubutu, komai ya rataya a kan halin uban gida, kuma an sha ganin wanda aka ƙirƙiro wa laifin sata ana saura kaɗan a sallame shi. Ofis kuwa yana da rubutun amma ya rasa tabbas. Ma'aikaci ya ci jarrabawar ƙarin girma, takarda ta fito, kuɗin matakin ya shekara biyu bai shiga ba, yana kallo a ɗauko wani daga waje a ɗora masa saboda wa ya sani. Likitoci da malaman jami'ar da ke tattara kayansu zuwa Ingila da Saudiyya kuɗi na cikin dalilansu, babu musu, amma ka saurare su da kyau za ka ji suna maganar kayan aiki da babu, da shekarun da suka hango a gabansu ba su ga komai a ciki ba.

Akwai ƙalubale biyu da suka rage. Na farko na masana ne: binciken Rasul da Rogger ya nuna abu biyu suna tafiya tare, bai tabbatar ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mai yiwuwa hukumomin da dama can suke da ƙwararrun ma'aikata su ne aka sakar wa mara, marasa kirki kuma aka tsananta musu. Wannan gyara ne mai kyau, kuma su kansu masu binciken sun yi ƙoƙarin tace irin waɗannan dalilai ta hanyar kwatanta ayyuka iri ɗaya a hukumomi daban-daban. Ko da an rage wa sakamakon ƙarfi, nauyin kawo hujja ya koma kan mai kwaɗo, tunda shekara hamsin ana kulle ƙofa ba a nuna mana rijiyoyin da hakan ya haƙa ba. Kuma gaskiya ne akwai ayyukan da biya bisa adadi ya dace da su, kamar ɗinki, dako ko yankan rake, inda abin da aka yi a fili yake ana iya ƙirga shi. Na biyu na 'yan ƙwadago ne, kuma shi ya fi damuna. Suna tsoron kada maganar yabo da ba da 'yanci ta zama mafakar mai rowa, a riƙe wa mutum albashin wata uku sannan a kira taro a miƙa masa allon gwarzon ma'aikaci. Tsoron nan a kan hanya yake, domin ana yin hakan. Yabon da ya zo a madadin haƙƙi cin fuska ne, kuma ma'aikata sun fi kowa saurin gane shi. Haka nan ɗora wa mutum nauyi ba tare da kayan aiki ko ikon kashe ko sisi ba, sannan a kira shi 'yanci, wannan neman wanda za a ɗora wa laifi ne kawai.

Abin da ake buƙata a aikace ba ya cin kuɗi sosai. A rubuta a fili iyakar abin da kowane mataki zai iya amincewa da shi ba tare da ya hau sama ba, shugabar sashen haihuwa ta iya sayen safar hannu da man janareta zuwa wani adadi, ta kawo rasit a ƙarshen wata, hedimasta ya iya gyara rufin aji ba sai takarda ta je hedikwatar ƙaramar hukuma ta dawo bayan damina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A riƙa auna sashe da abin da ya kammala, kwana nawa fayil ya yi a kan wane tebur, har da teburin oga. Shugaba ya ware lokaci ya zauna da kowane na ƙasa da shi su biyu, ya tambaye shi abin da ke hana shi aiki, kuma a ga ya cire ko da abu ɗaya ne, in ba haka ba zaman ya zama wani taron. Gyara a keɓe, yabo a bainar jama'a, kuma a ambaci takamaiman abin da aka yi. Sannan a daina ɗauka cewa daɗewa a aiki ita ce cancantar shugabanci. Kamfanin Gallup, wanda ya shekara da shekaru yana tambayar ma'aikata a faɗin duniya, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na bambancin himma tsakanin wannan rukuni da wancan daga shugaban rukunin yake. Mu kuwa sai mu ɗauki ƙwararren likita ko injiniya mu ɗora shi a kan mutum ɗari ba tare da ya taɓa koyon yadda ake tafiyar da mutum uku ba, alhali tun 1973 muke da kwalejin horar da manyan ma'aikata a Badagry.

Inda gizo ke saƙar shi ne duk waɗannan matakai daga aljihun ikon shugaba ake cire su. Sa hannun nan da kowa ke jira shi ne ke tara mutane a ƙofar ofis, shi ke sa a miƙe idan ya shigo, a wasu wuraren ma shi ke kawo ɗan abin da ake sakawa a cikin fayil. Daraktan da ya yarda mataimakinsa ya amince da sayen taya, layin da ke bakin ƙofarsa zai ragu da rabi, kuma a garin da ake auna girman mutum da yawan masu jiransa, wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. Shi ya sa na'urar dangwala yatsa ke samun kasafi cikin sauƙi, akwai kwangila a cikinta kuma ƙananan ma'aikata kaɗai take kamawa, takardar raba iko kuwa tana iya shekara a kan teburin wanda za a rage wa ikon, tana jiran sa hannunsa.